Takalmin Hagu na Balbela

"Mama, in an yanke ƙafar, takalmin hagu wa za a ba?"

A gaban likita ta yi tambayar nan, ranar da aka ba mu gado, ina durƙushe ina tura takalman nata ƙarƙashin gadon. Jajaye ne masu maɓalli, babanta ya sayo mata kafin abin ya faru. Na daman ya ɗan goge, na hagun kuwa sabo fil, don wata goma ke nan bai taka ƙasa ba. Na ɗago na galla mata harara, irin wadda ke nufin za mu haɗu anjima. Ko kallona ba ta yi ba, likitan ta tsura wa ido.

Shi kuma bai yi dariya ba, bai kuma ce mata ba za a yanke ba, wanda shi na so in ji. Sai ya jawo kujera ya zauna daidai tsayinta.

"Ajiye abinki tukuna. Ni ma so nake in bar miki ƙafar. Amma sai kun taimake ni, ke da Mama."

Shekararta shida da rabi. A layinmu aka laƙaba mata Balbela, saboda yadda take tsayuwa a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya cikin farar rigarta, ta naɗe ɗayar, tana kallon yara suna guje-guje. Ranar da abin ya faru muna layin famfo ne da safe, ni da ita da jarkoki biyu. Ƙarar bam ɗin ma ban ji ba. Na dai ga katangar shagon walda ta kwanta a hankali kamar mai jin barci, bokitai suna birgima a titi su kaɗai. Guntun ƙarfe ya shiga ƙwaurinta na hagu ya fasa ƙashin gida uku. A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗinke, aka ɗaure da abin da ake da shi, ga mutane kwance a ƙasa har bakin ƙofa. Ciwon ya haɗe, sai wata 'yar kafa kamar hudar kunne da ta ƙi rufewa. Kullum gari ya waye bandejin ya jiƙe da mugunya.

Ni mai wanki da guga ce. Abin da na sani a duniya shi ne tabon da ya ƙi fita a ƙara masa sabulu, a cuɗa, in ya ƙi a sake. Haka na yi wa ƙafar nan. In dafa bandeji, in shanya, in bi shi da dutsen guga. Duk kafson da aka ce yana da kyau na ɗura mata, ja da baƙi, ja da rawaya, na mai kemis, na maƙwabciya da ya rage wa ɗanta. Kwana uku ruwan ya tsaya, in na daina ya dawo. Sai da aka buɗe hanya muka samu aka kawo mu wannan babban asibitin, inda duk ɓangaren nan namu na masu irin ciwonta ne, waɗanda yaƙi ya fasa wa ƙashi kuma ƙashin ya ƙi magani.

Kafinta suke ce wa likitan a bayan idonsa, don an ce kayan aikinsa guduma ne da kurfi da abin huda. Ya ɗaga hoton ƙashin a hasken taga ya kira ni.

"Kin ga wannan guntun da ya fi sauran fari? Mataccen ƙashi ne. Jini ba ya zuwa wurin, magani kuwa jini ne motarsa. Ƙwayoyin cuta sun yi gida a ciki, kuma duk abin da kika ba ta sun ɗanɗana sun saba da shi. Yanzu ban san ko su wane ne ba. Zan shiga in kankare, in ɗebo 'yan guntayen ƙashi biyar a kai ɗakin gwaji a shuka. In sun tsiro, sai mu san sunansu, mu san maganin da ke kashe su."

"To a yi gobe mana, Likita."

"Sai bayan sati biyu. Cikin sati biyun nan kuma kada ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ɗaya. Na rage zafi kawai, shi ma daga hannun nas. So nake su saki jiki su fito fili. In zazzaɓi ya taso a kira ni ko ina nake, mu sake shiri. Kin ji ko, Maman Balbela?"

Na ce to. Da bakina na ce to.

Ɗakinmu ɗan ƙarami ne, gado ɗaya da tabarmar roba tawa, da famfon wanke hannu da ake takawa da ƙafa. Labulen tagar ruwan ƙwai ne, don haka da rana ta karkata komai na ɗakin sai ya koma kamar an tsoma shi a zuma, har fuskar Balbela. Ba mai shigowa sai ya sa doguwar riga ruwan ɗorawa da safar hannu, in zai fita ya tuɓe ya jefa a kwando, don kada ƙwayoyin ɗaki su bi shi zuwa wani ɗaki. Nas ɗinmu Agogo ake ce mata. Da agogo maƙale a ƙirjinta, kuma in ta ce ƙarfe takwas, to ko ƙasa za ta tsage takwas za ki ji takunta.

A jikin ƙofarmu akwai gilashi, kuma daidai da shi, a ƙetaren baranda, ƙofar wani tsoho ce, Baba Tela. Watansa huɗu a wurin. Tasa ƙafar ta dama ba a samu ceto ta ba, an cire ta daga gwiwa. Da rana akan buɗe ƙofofin biyu don iska, shi yana kan keken guragu a bakin tasa, Balbela tana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin tamu, ba mai ƙetare jan layin da aka zana a ƙasa.

"Ranki ya daɗe, shugabar tsuntsaye, yau kifi nawa aka kama?"

"Balbela ba ta cin kifi, Baba Tela. Fara take ci."

"Au, ashe talaka ce irina. Ni na ɗauka babbar mutum ce."

"Kai ne dai talaka, wandonka ma ƙafa ɗaya gare shi."

"Ke ba ki san tattalin yadi ba. Tambayi uwarki, rabin guga ke nan."

Kwana huɗu na farko na daure. Amma hannun da ya saba aiki bai iya zama a cinya ba. Da safe Agogo ta buɗe bandejin, in ga ruwan ya fi na jiya, in ji warin nan da na sani kamar na tsumman da aka manta a bokiti. In ce, "Sista, ba ki ga ya ƙaru ba?" Ta auna zafin jikin, ta rubuta, ta ce, "Ba zazzaɓi. Haka muke so, su yi ta fitowa." Ni kuwa sai in ji kamar an jiƙa mini farar riga a ruwan kwata an ce in zauna in yi ta kallonta.

A kwana na biyar Goggonta ta zo, yayar babanta. Shi direban tankar ruwa ne, bai isa ya bar motar ba, sai dai waya. Goggo ta shigo tana fama da igiyar rigar nan ruwan ɗorawa.

"Kai, sun mai da ni gwanda nunanniya. Ina 'yar tawa? Zo nan, mai ƙafar gwal."

Da ta ga bandejin sai fara'ar ta ɗauke. Ta ja ni wajen famfo ta rage murya.

"Me suke ba ta?"

"Ba komai, Yaya. Wai sai an yi sati biyu."

"Ba komai? A asibiti? To da zaman gida da nan mene ne bambancin, fanka? Ke yarinyar nan, kina zaune ƙafar 'yar ƙanena tana ruɓewa kina ce mini wai. Su in an yanke, gobe wani za su kwantar a gadon. Ke ce za ki goya ta har ta yi girma."

Ta kwance bakin ɗankwalinta. Ƙwayoyin magani ne farare manya, guda goma, cikin takardar azurfa. Ta ce mai kemis ya rantse mata ba a kawo mai ƙarfinsu ba tun da aka fara yaƙin, sojoji ma su suke nema. Ta ce rabi da safe rabi da yamma, ba mai sani, in aka zo tiyatar ma sai a tarar aikin ya yi sauƙi.

Ba zan ɗora wa Goggo ba. Kwana biyu ta yi a hanya, ta wuce shinge bakwai da abin nan a kanta. Kuma abin da ta faɗa shi ne abin da zuciyata ke faɗa tun ranar farko, ita dai ta fi ni murya. Da hannuna na karɓa. Na cusa su cikin takalmin hagu, can wajen yatsu, don na san shi ba mai taɓawa.

Da cokali biyu nake murƙushe rabin ƙwayar, in zuba a shayi mai sukari da yawa, bayan Agogo ta fita. Balbela ta yatsina fuska.

"Mama, wannan ba na Sista ba ne."

"Na Mama ne. Sirrinmu ne ni da ke. In kika faɗa ba zai yi aiki ba."

Ta ɗaga kai, ta shanye. Yarinya ce mai riƙe amana, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Kwana uku ruwan ya ragu. Warin ya tafi. Agogo ta tsaya tana kallon bandejin ta ce, "Ikon Allah," ni kuma na sunkuyar da kai ina ninke zani, raina fari ƙal.

A ranakun nan ne na fara wani mafarki, da rana tsaka, in fanka na juyawa kuma ɗakin ya koma zuma. Sai in gan ni ina tafiya cikin wani dogon farin soro, na kuma san cikin ƙashin Balbela nake. Ɗakuna hagu da dama kamar gidan haya, da igiyoyin shanya, da 'yan tukwane a kan murhu suna tururi. Ina ɗauke da bokitin kumfa. Ina jin maganganu da dariyar masu gidan, amma duk ƙofar da na nufa sai a ja ta a hankali a sa sakata. In watsa kumfar a ƙasa, ta bi baranda tana walƙiya, ta tsaya a bakin ƙofofin ba ta shiga. In yi ta sallama ba mai amsawa. Sai in farka in ga Balbela na barci da bakinta a buɗe, in ce wa kaina ai gudu suka yi, sun ji tsoro.

Aka yi tiyatar ranar da sati biyu ya cika. Awa uku. Ta fito da ƙarafa huɗu sun huda ƙwaurin an haɗa su da sanda ta waje. Da ta farfaɗo Baba Tela ya leƙo daga kekensa.

"Ah, an sa wa shugaba eriya! Kamo mana tashar da ake waƙa."

"Ba ta kama tashar tsofaffi," in ji ta, murya a shaƙe.

Kwana biyar muka jira. A na shida Kafinta ya shigo tare da wata mata siririya mai tabarau, wadda ban taɓa gani ba. Ita ce mai ɗakin gwaji. Agogo ta taɓa ba mu labarinta, ta ce Manomiya suke kiranta, don aikinta shuka ne a faranti.

"Ba abin da ya tsiro," in ji Manomiya. "Duka biyar ɗin."

Na ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Sun mutu ke nan!"

Ba wanda ya taya ni. Agogo ta kalli agogonta alhali ba lokaci take dubawa ba.

"Maman Balbela," in ji Kafinta, "da idona na ga mugunya a cikin ɓargon. Suna nan. A faranti ne suka ƙi fitowa. Zan tambaye ki, kuma ba faɗa zan yi ba. Ta sha wani abu cikin sati biyun nan?"

Na ji Balbela ta juyo tana kallona. Ban kalle ta ba.

"Ba ta sha komai ba, Likita."

Manomiya ta cire tabaraunta tana gogewa da bakin riga. "To wataƙila daga wajena ne. Ranar an ɗauke wuta kusan awa biyu kafin janareta ya tashi, akwatin ɗumin ya huce. Na ɗauka ba zai yi komai ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa."

Ni take ba haƙuri. Na ce ba komai.

Kafinta ya ce tunda haka ne sai dai ya yi harbi a duhu. Zai haɗa magunguna biyu masu ƙarfi, irin waɗanda ke iya taɓa ƙoda da ji, a yi sati shida ana fata an dace. In an dace, to. In ba a dace ba kuma ciwon ya haura, zai cire daga ƙasan gwiwa kafin ya kai inda ba a so. Ya faɗe shi a hankali, da kalmomin manya, amma Balbela ba kurma ba ce.

Da la'asar aka buɗe ƙofofi. An ɗora ta a keke yanzu saboda ƙarafan. Ina zaune a tabarma ina ninke kayan da na riga na ninke, sai na ji ta.

"Baba Tela, kai wace ƙafa ce ta rage maka?"

"Ta hagu, ranki ya daɗe. Ita ce mai hankalin dama."

"To ni ta dama za ta rage mini. Ka ga sai mu riƙa sayen takalmi tare. Ni in ɗau na dama, kai ka ɗau na hagu. Ba asara."

Tsohon ya kalli ƙafarsa, ya kalli tata.

"Ke da ƙafarki ko rabin tawa ba ta kai ba," ya ce daga baya.

"Ai zan girma. Ka jira ni. Kuma akwai wani ja a ƙarƙashin gado, sabo ne, in kana so ka fara da shi. Amma sai Mama ta cire kayanta daga ciki."

Ta rufe baki da hannu biyu. Ta juyo ta kalle ni, idanunta sun ciko, don a ganinta ta ɓata maganin.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na durƙusa na jawo takalmin, na zazzage. Saura ɗaya da rabi. Na sumbaci goshinta na ce ba ta yi laifin komai ba. Na wanke hannu a famfon nan, na fita, na bi baranda har ƙarshe inda ban taɓa zuwa ba. Tafiyar ta yi mini kamar ta mafarkin, farin soro, ƙofofi hagu da dama, sai dai wannan karon ƙofar da na ƙwanƙwasa an buɗe.

Manomiya ce a ciki ita kaɗai, da faranti biyar a gabanta, jajaye kamar hanta, sumul ba ko ɗigo. Tana ta juya su a ƙarƙashin fitila. Na ajiye takardar azurfar a kan teburinta.

"Ba janareta ba ne," na ce. "Ni ce. Kwana tara, safe da yamma."

Ta ɗauka ta karanta bayan takardar. Na jira zagi. Sai ta saki wani dogon numfashi ta zauna.

"Kwana biyu ban ci abincin kirki ba saboda farantan nan," ta ce. "Zauna. Wannan maganin bai kashe su ba, ya dai sa sun yi likimo. Irin da aka jiƙa da kananzir ba ya tsirowa a gona, amma wanda ke cikin rumbu yana nan lafiya lau. Kin san ke ce ta nawa da ta kawo mini irin wannan takardar? Wasu ma ba sa kawowa, sai dai mai shara ya tsinta bayan an yanke."

Ita ta raka ni wajen Kafinta. Bai ɗaga murya ba, na ma fi son ya ɗaga. Ya daɗe yana juya ƙwayar a tafin hannunsa.

"Gara da kika faɗa yau, kafin in fara harbin duhun. Yanzu za mu sake jiran sati biyu, in sake shiga. Amma ki sani, duk shigar da na yi sai na kankare ƙashi, kuma su ma cikin sati biyun ba azumi za su yi ba. Ƙashin yaro ba katako ba ne da zan aika a yanko mini wani. Za ki iya zama ba ki yi komai ba?"

"Ban iya ba, Likita. Amma zan koya."

Agogo ce ta samo mini dabara. Washegari ta turo mini kwando cike da rigunan nan ruwan ɗorawa da aka wanko, ta ce mai ninke musu ta yi tafiya. Ban sani ba ko gaskiya ne. Sati biyu ina ninke riguna, ina ɗaure igiyoyinsu, ina jera su goma-goma. Ruwan ya dawo, warin ya dawo, in ji hannuna yana ƙaiƙayi sai in jawo kwandon. Goggo ta bugo waya tana tambaya ko in aiko a ƙaro. Na gaya mata komai. Ta ce, "Garin gyaran gira," ba ta ƙarasa ba ta fashe da kuka. Na ce mata ni na murƙushe, ba ita ba.

Mafarkin ya sake zuwa sau ɗaya. Wannan karon ba bokiti a hannuna. Na zauna a tsakar soron kawai na naɗe ƙafa. Can sai na ji an zare sakata, sannan wata, sannan wata.

Kwana biyu bayan tiyata ta biyu Manomiya ta zo da kanta, tana sauri har rigar ta sa a baibai. Ta nuna mana hoto a wayarta. Faranti huɗu cikin biyar sun cika da 'yan ɗige-ɗige masu sheƙi kamar raɓa a kan ganye. Ban taɓa zaton zan ga abin da ke cin 'yata in ji daɗi ba.

"Su ke nan?" in ji Balbela. "'Yan mitsi-mitsin nan? Suna da uwa?"

"Ba su da ita," in ji Manomiya. "Shi ya sa ba su da tarbiyya."

Ta gwada musu magani goma sha biyu. Goma sha ɗaya suka bi ta kai suka wuce, har da farar ƙwayar Goggo, har da guda cikin biyun da Kafinta ya yi niyyar harbin duhu da su. Ɗaya tak ya bar fili fayau a kewayensa. Shi aka ɗaura mata ta jijiya, sau uku a rana, sati shida, ana ɗibar jininta duk bayan kwana uku a duba ƙoda. A ramin da aka kankare kuma Kafinta ya jera wasu 'yan duwatsun siminti masu magani a zare, Balbela ta ce ita kaɗai ce mai sarƙa a cikin ƙafa.

Sati shidan nan kamar a cikin ruwa na yi su. Ɗigon ƙarin ruwa yana sauka ɗaya bayan ɗaya cikin hasken labulen, ni da ita muna ƙirgawa har mu ɓata lissafi mu sake. Rannan da safe Agogo ta buɗe bandejin ta miƙo mini shi. A bushe yake. Na kai hanci na shinshina kamar mahaukaciya. Ƙamshin auduga kawai.

Sai da muka ƙara wata huɗu kafin a cire sarƙar, a cike ramin, ƙashin ya kama, a zare ƙarafan. Baba Tela ya riga mu tafiya. Ranar da zai fita ya tsaya a bakin jan layin da sandunansa ya ce, "Shugaba, cinikinmu ya watse ke nan?" Ta ce, "Ka nemi wani abokin, ni nawa biyu zan sa." Ya ce bai taɓa jin daɗin ɓacin ciniki irin wannan ba.

Ƙafar tana nan. Ta gaza 'yar'uwarta da faɗin yatsa biyu. Jajayen takalman sun matse ta kafin mu fito, na hagun bai sake taka ƙasa ba har na bayar da su. Yanzu duk takalmin da aka saya mata sai na kai wa mai gyara ya ƙara wa na hagu tudu. Tana gudu, tana tsallen igiya, in ta gaji tana ɗan karkata kamar mai ɗauke da bokiti a hannu ɗaya. Kafinta ya ce in riƙa kawo ta duk wata shida, don irin wannan ciwon yakan yi barci ya farka. Na tambaye shi cikin yatsa biyun nan nawa ne na tiyata ta biyu. Ya ce in bar wannan lissafin. Ban bari ba.

Ke da kike karanta wannan, wataƙila kina zaune a bakin gadon ɗanki, an ce ki jira, kuma akwai wani abu ƙulle a bakin zaninki da wata mai ƙaunarki ta kawo. Na san yadda hannunki ke ƙaiƙayi. Kada ki ba shi. In kuwa kin riga kin ba shi, ko rabin ƙwaya ce, tashi yanzu ki je ki faɗa da bakinki, ki kai musu takardar su karanta sunan, tun ba a shiga da yaron tiyata ba. Kuma kada ki kuskura ki ce wa ɗanki sirri ne. Zai riƙe miki shi, ko da ƙafarsa za ta tafi.